Mma tana Kumasi, jikokinta suna Kano, maigida ya ce a bari yara su yi wayo

Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Aboabo ce a Kumasi, aure ya kawo ni Kano shekara 8 da suka wuce. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. 'Ya'yanmu uku: babbar shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye wanda zai cika wata 8 a Disamba. Rabona da gida shekara 5. Mahaifiyata, Mma, babbar kaɗai ta taɓa gani ido da ido, sauran sai a waya. Bara hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki, ta samu sauƙi, amma duk lokacin da muka yi waya sai ta ce in kawo mata jikokinta tun tana gane mutane. Na ɗauki adashi, ina da naira dubu 600 a hannu. Niyyata idan an yi hutun Disamba in bi mota da su duka, in tafi da 'yar yayan maigida mai shekara 12 ta taya ni riƙonsu. Fasfo ɗina na Ghana ne, yaran kuwa babu mai shi. Maigida ya ce babu hali, a bari yara su yi wayo. Surukata ta ce ba za a ja mata jikoki a mota har wata ƙasa ba, in bar mata su. Raina ya ɓaci na ce masa zan tafi ko ya yarda ko bai yarda ba. Yau mako biyu ke nan tsakaninmu daga gaisuwa sai gaisuwa. Anti, idan Mma ta rasu ba ta ga yaran nan ba, ban san yadda zan yafe masa ba. Ki ba ni shawara.

Maman yara uku, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara wa Mma lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma ban ga son zuciya a cikinta ba. 'Yar da ta shekara biyar ba ta ɗora ido a kan mahaifiyarta ba, ga mahaifiyar ta tashi daga jinya, don ta ce tana son zuwa gida ba ta nemi abin da ya wuce haƙƙinta ba. Saboda haka ni ina tare da ke a kan ki je. Inda muka rabu shi ne wa za a tafi da shi, yaushe, kuma ta wace hanya.

Kin ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, shi ya sa kayan suka yi miki nauyi. Na farko ki ga Mma, wannan ba ya jira. Na biyu Mma ta ga jikokinta uku a jere a kan tabarma ɗaya, wannan buri ne mai kyau, amma yana buƙatar shiri da kuɗin da ba ki da su kafin Disamba. Da kika haɗa su, sai maigida ya ƙi na biyun, ke kuma kika ji kamar na farkon ya hana ki.

Zo mu yi lissafin da na tabbata shi ya riga ya yi a ransa bai faɗa miki ba. Ghana tana cikin ECOWAS, ɗan Nijeriya yana shiga ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Kowane yaro sai da tasa, har jinjiri, don an daina rubuta sunan ɗa a fasfon uwa. Tun daga watan Satumban 2025 ƙaramin fasfon Nijeriya mai shafi 32 ya koma naira dubu 100. Yara uku dubu 300, da 'yar rakiya dubu 400. Dubu 200 ke nan suka rage miki na kuɗin motar mutum biyar zuwa da dawowa, da abinci a hanya, da masauki idan dare ya yi, da tsaraba. Kafin a je ga fasfon ma kowane yaro sai yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN, a kai shi ofis a ɗauki hotonsa, sannan a jira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar shige da fice tana kuma bayar da takardar tafiya ta ƙasashen ECOWAS, wadda ba ta kai fasfo tsada ba, ki sa a tambayo miki ita a ofishinsu na Kano. Naki fasfon ma ki ɗauko shi yau ki duba ranar ƙarewarsa. Idan ya mutu sai an je ofishin jakadancin Ghana a Abuja, wannan kuma wata tafiyar ce mai zaman kanta.

Hanyar motar da kike tunani, ki bar ni in zana miki ita. Kano zuwa Legas kimanin kilomita dubu ne, a kwana a wuni. Daga Legas a tsallaka iyakar Seme a shiga Benin, a wuce Kwatano, a sake tsallaka wata a shiga Togo, a bi ta Lome a fito Aflao, sannan a kama hanyar Accra. Iyaka uku, kowacce da sauka da layi da tambayoyi. Daga Accra zuwa Kumasi wasu kilomita 250. Idan an tara, tafiyar ta haura kilomita 1,700, da jinjiri a cinya, da ɗan shekara uku da ba ya iya zaman minti goma wuri ɗaya, kuma ba ya cewa zai yi fitsari sai ya matsu. Tsohuwar hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, wadda ta bi ta Nijar da Burkina Faso, kada ma wani direba ya yi miki daɗin baki da ita. Gabashin Burkina babu tsaro, kuma ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Don haka da surukarki Hajiya ta ce ba za a ja mata jikoki a mota ba, ko da ta faɗa da zafi, gaskiya ta faɗa. Ni ma da nawa ne haka zan ce.

Maganar yarinyar nan mai shekara 12, ki ajiye ta gaba ɗaya. Ki kalli kanki da idon ma'aikacin kan iyaka: mace mai fasfon Ghana, da yara masu takardun Nijeriya, sunan mahaifinsu daban da sunan da ke fasfonta, ga kuma wata yarinya da ba ita ta haife ta ba. An horar da jami'an nan su tsayar da irin wannan saboda masu safarar yara suna kai su aikatau, kuma ba za su san ke mutuniyar kirki ce ba. Ko naki na cikinki ma, ki riƙe takardun haihuwarsu na asali da wasiƙar amincewar mahaifinsu, mai ɗauke da sa hannunsa da lambar wayarsa da kwafin katin shaidarsa, in da hali a buga mata hatimin kotu. Kin ga ke nan maganar da kika yi ta cewa za ki tafi ko bai yarda ba, ko a hukumance ba ta da ƙafar tsayawa, balle a addini da al'ada. Ban da haka, 'yar shekara 12 ita ma yarinya ce. A tasha ko a kan iyaka da dare, ba mataimakiya kika ɗauko ba, ta huɗu kika ƙara.

Yanzu ga abin da nake so ki tsaya ki duba da kyau. Hutun Disamba wa ya ɗaure? Babbar ce kaɗai take makaranta ta sosai. Jinjiri ba shi da hutu, ba shi da jarrabawa. Ke kika ɗaure kanki da Disamba, alhali shi ne wata mafi tsadar tafiya zuwa Ghana, musamman tun daga 2019 da ƙasar ta yi bikin kiran baƙaƙen fata na ƙetare su zo ganin gida, ƙarshen shekara ya zama lokacin cikar Accra da baƙi. Shi ne kuma lokacin da ɗan Kwari ba ya son barin shago, saboda bukukuwan aure na ƙarshen shekara.

Sai maganar wata tara. A wata 9 ake yi wa yaro allurar ƙyanda da ta shawara (ba irin wadda kika zo nema wurina ba, ta zazzaɓin nan mai sa ido rawaya). Ghana tana neman katin rigakafin shawara daga duk matafiyin da ya kai wata 9, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ɗan wata 8 ba za a tambaye shi kati ba, amma hakan ba kariya ba ne, zai shiga filin jirgi da tasha da gidan da ake ta shigowa ganin baƙi ba tare da rigakafin ƙyanda a jikinsa ba. Idan kika ƙara haƙurin makonni kaɗan, a Janairu ya cika wata 9, a yi masa allurarsa, a ƙirga kwana goma, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu ku tashi. A lokacin kuɗin jirgi ya sauko, yara sun koma makaranta, kasuwa ta lafa. Ke ma ki nemo katinki. Idan an taɓa yi miki allurar, tun 2016 guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan ba a taɓa yi ba, ki gaya wa ma'aikatan lafiya kina shayarwa, don ba a son yi wa mai shayar da jinjirin da bai kai wata 9 ba, wani dalilin ke nan na jiran Janairu. Katin da ake karɓa a kan iyaka shi ne na ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Kada ki bari wani ya ce zai kawo miki shi har gida ba tare da allura ba.

Shawarata ke nan: ki tafi ke da na goye, a jirgi, ki yi mako biyu ko uku. Daga Kano sai an bi ta Legas ko Abuja, daga Legas zuwa Accra kamar awa ɗaya ce a sama, daga Accra kuma ko ƙaramin jirgi na ƙasa da awa ɗaya zuwa Kumasi, ko wani ɗan'uwanki ya tarbe ki ku hau babbar mota da safe. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa ɗan kaɗan ne, saɓanin ɗan shekara uku da sai an saya masa kujera. Bayan fasfon jinjiri kina da dubu 500. Ba lallai su kai ki su dawo da ke ba, amma giɓin da ya rage irin wanda maigida zai iya cikewa ne, ko 'yan'uwanki na Kumasi su ɗauki nauyin ɓangaren Accra zuwa gida. Idan kuma maganar muharrami ce take damun maigida ko Hajiya, shi ya raka ki Legas ya sa ki a jirgi, yayanki ko ƙanenki ya tsaya miki a Accra, ko ɗaya daga cikinsu ya zo Legas ku tafi tare. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ku yi abin da hankalinku ya kwanta da shi.

Wannan duka idan jikin Mma yana nan yadda yake ne. Ki kira wanda yake kai ta asibiti, ba wanda zai ce miki "da sauƙi" don kada hankalinki ya tashi ba, ki ce ya gaya miki abin da likita ya ce. Idan aka ce jiki ya motsa, to babu sauran lissafin wata tara, ki ɗauki jinjirinki ki tafi a makon. Shi ya sa nake so a fara neman fasfonsa tun yanzu, ko da tafiyar sai Fabrairu.

Na san inda zai yi miki ciwo, ɗan shekara ukun nan. Shi ne mafi wuyar ɗauka, shi ne kuma mafi wuyar bari. Babbar za ki yi mata bayani ta gane, har ta rubuto wa kakarta wasiƙa ki kai. Shi kuwa zai yi kuka, zai neme ki da dare, watakila ya koma fitsarin kwance na ɗan lokaci, kuma idan kin dawo ya yi miki fushin kwana biyu. Duk wannan yana wucewa. Ki fara kai shi wurin Hajiya yana kwana ɗaya, yana kwana biyu, tun kafin tafiyar. Kada ki sulale yana barci, ki yi masa sallama ki ce za ki dawo, ki bar masa zanenki da yake kwana da shi. Kuma ki lura da wani abu: Hajiya da bakinta ta ce a bar mata su. Ki karɓi tayin hannu bibbiyu, ki je har ɗakinta ki durƙusa ki ce kin yi tunani kin ga gaskiyarta, ga amanar biyu za ki bar mata. Ranar da kika yi haka kin samu mai taya ki magana wurin ɗanta, kuma kin san maganarta ta fi tawa da taki nauyi a kunnensa.

Shi kuma maigida, ban san zuciyarsa ba, ke kika zauna da shi shekara takwas. Amma na san maza da yawa idan suka ce "babu hali" ba kuɗin mota kaɗai suke nufi ba. Mutumin da yake sayar da atamfa da shadda a Kwari, a ce matarsa ta je garin iyayenta bayan shekara biyar hannu rabbana, ko da turmi biyu kacal, wannan abin kunya ne a wurinsa, kuma ba zai buɗe baki ya ce miki kunya yake ji ba. Zai ƙirga Mma, da ƙannenta, da matan yayyenki, da maƙwabta, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ce a bari yara su yi wayo. Ki sauke masa wannan kayan da kanki. Ki ce dubiya za ki je ba biki ba, turmi ɗaya mai kyau na Mma, da yaji da kuka da turaren wuta da za ki haɗa da kuɗinki, sun isa. Ga kuma hujja a hannunki, jirgi yana da iyakar nauyin kaya, kuma na cikin gida ya fi matsewa. Wani tsoron da ba a faɗa shi ne na matar da ta je gida da yara duka, mako uku ya zama wata uku. Tikitin zuwa da dawowa mai rana a rubuce, da yara biyu a Kano, sun amsa wannan ba tare da an tayar da maganar ba.

Amma kafin duk wannan akwai bashin da ke kanki. Kalmar "ko ka yarda ko ba ka yarda ba" ki janye ta. Ba sai kin yi doguwar magana ba. Bayan ya ci abinci, yara sun yi barci, ki ce tsoron rasa Mma ne ya sa bakinki ya zarce, ya yi haƙuri. Sannan ki ajiye masa takarda: ga abin da ke hannuna, ga kuɗin fasfo ɗaya, ga watan da nake so, ga ranar dawowa, ga wanda zai tarbe ni. Ɗan kasuwa ya fi jin lissafi a kan kuka. Idan ya amince, ki roƙi abu na biyu a zaman nan: a sa ranar zuwan iyali duka a dogon hutu, wajen Agusta, a riƙa yin fasfon yaran ɗaya bayan ɗaya a cikin watannin da ke tsakani, shi ma ya je ya gaishe da surukarsa ko da kwana huɗu zai yi ya dawo. Haƙƙi ne a kansa, shekara biyar ta yi yawa. Idan kuwa bayan ban haƙuri da lissafi da komai ya ce ko ke kaɗai ba za ki je ba, to maganar ta wuce ta ɗaki. Ki sa waliyyinki na nan Kano ko wani babban da yake jin nauyinsa ya zauna da shi. Hana mace ganin mahaifiyarta marar lafiya ba tare da dalili ba, babu malamin da zai ɗaure masa gindi a kai.

Idan tafiya ta tabbata, ga 'yan abubuwan da uwa take mantawa. Lokacin da jirgi zai tashi da lokacin da zai sauka ki sa shi a nono, haɗiyar tana buɗe masa kunne. Kada ki ba shi maganin mura don ya yi barci, duk wadda ta ba ki wannan dabarar ki yi mata godiya ki wuce. Kayan canjinsa da naki kala ɗaya su kasance a jakar hannu, tare da katin rigakafinsa, da farasitamol na yara, da ƙunshin ORS da zinc. Ki riƙa karanta jikin ƙunshin kafin ki haɗa, don yawan ruwan da ake zubawa ba ɗaya ba ne a kowane iri. Ki tafi da gidan sauronki. Kin fi ni sanin Kumasi, garin kurmi ne, sauronsa ba ya tafiya hutun rani kamar na Kano. Zazzaɓi a jikin ɗan wata tara ba na jira a ga gobe ba ne, a kai shi a gwada jini a ranar, ga asibitin Komfo Anokye idan abin ya yi tsanani. 'Yan'uwa za su so ɗura masa koko da ruwan da suka saba sha, har da na jiƙe-jiƙe don ƙauna, ki ce likita ya hana, ki ɗora laifin a kan likita. Ranar da aka zo tafiya da manyan a Agusta, ki tuna lokacin ne ake bi gida-gida a Kano ana ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin damina wata-wata, ki yi magana da masu rabawa kafin ku tashi. Ki kuma rubuta lambar wayar Ghana ki sa a aljihun kowannensu kafin a shiga kasuwar Kejetia. Ki gargaɗi babbar tun a gida kada ta yi wa kakarta dariya idan ta ji Hausar zango ana ce wa mace "ya zo", don 'yan Kano ba sa iya riƙe baki a kan wannan.

Kafin nan, ki sa rana ɗaya a mako, ko Juma'a bayan la'asar, wadda Mma ta san za a kira ta ta bidiyo. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, ki duba kada ki same ta tana salla. Babbar ta karanta mata surar da ta haddace, ƙaramin ya nuna mata abin wasansa, kuma ki miƙa wa maigida wayar su gaisa da bakinsu.